Hirar Bangaskiya a Teburin Mai Shayi: Jagora ga Kiristan da ke Zaune a Katsina

Mu da muka taso a ƙauyukan Malumfashi da Kafur muka shigo birnin Katsina neman abinci, mun san nan ba garin da za ka saɓa lasifika ka tsaya a Ƙofar Ƙaura kana wa'azi ba ne. Amma safe da dare muna kan benci ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, gwiwa na gogar gwiwa, muna jiran mai shayi ya gama sheƙa ruwan zafi daga wannan kofi zuwa wancan. A kan irin wannan bencin aka fi tambayata abin da na gaskata, fiye da ko'ina da na taɓa zama. Turawa sukan ce su a kan kofi suke irin wannan hira. A bakinmu kofi mazubi ne. Abin da suke nufi shi muke ce wa gahawa ko Nescafé, wanda direbobin dogon zango da masu gadi suka fi nema don korar barci. Ko me aka zuba maka, ga yadda na ga hirar tana tafiya lafiya, da inda na ga tana ɓacewa.

Da farko, nemi teburi ɗaya ka zama ɗan gida

Kada ka riƙa yawo, yau Sabuwar Unguwa gobe Ƙofar Marusa. Zaɓi mai shayin da ke kusa da gidanka ko wurin sana'arka, ka riƙa zuwa a lokaci guda, har ya kai ba sai ka ce a haɗa maka mai kauri ko ruwan bunu ba, da ya hango ka ya san abin da zai zuba. Wannan aikin watanni ne. Ka san wanda matarsa ta haihu, wanda aka sace wa babur, wanda ke bin mai shayin bashi. Ka gai da manya da Baba ko Alhaji, sa'o'inka da Malam, ka tsaya a gama gaisuwa kafin ka kai hannu kan biredi.

Kuma tun ranar farko kada ka ɓoye ko kai wane ne. Da yawanmu sunayenmu Musa ne da Haruna da Yakubu, ga hula ga Hausa tsantsa, don haka kowa zai ɗauka Musulmi ne kai. Ranar da aka kira magariba kowa ya miƙe aka bar ka zaune, wani zai waiwayo ya ce, "Malam, ba ka taso ba?" Kada ka ce kana zuwa, kada ka yi kamar waya ta riƙe ka. Ce masa, "Ni Kirista ne, ku je ku dawo, ina duba muku kayan." Ka duba ɗin kuma da gaske. Wanda ya gano daga baya cewa ka yi wata uku kana bari a ɗauke ka abin da ba kai ba, ba zai ƙara yarda da kalma ɗaya daga bakinka ba, kuma da gaskiyarsa.

Sau da yawa abin da ke biyo baya shi ne mamaki: "Bahaushe kuma Kirista?" Kada wannan ya ɓata maka rai, tambaya ce ta gaske, kuma ita ce ƙofar farko. Yana da kyau ka san tarihinka ka faɗe shi a taƙaice. A zamanin mulkin Turawa gwamnati ta daɗe tana hana 'yan mishan aiki a cikin masarautun Musulmi. A shekarun 1930, lokacin Sarki Dikko, aka bar 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka kama aikin jinyar kutare a Babbar Ruga, nan bayan gari. A kudancin ƙasar Katsina kuwa bishara ta shiga cikin Maguzawa, kakannin da yawa daga cikinmu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. A 2023 ma cocin Katolika ta kafa dayosis na Katsina, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop, bishop ɗinta na farko, Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi ne. Ba don alfahari za ka kawo waɗannan ba. Don abokin hirarka ya san ba baƙo ne ya zo masa da baƙon abu ba.

Na biyu, duba zuciyarka kafin ka buɗe baki

Tambayi kanka abu ɗaya: in mutumin nan ya shekara ashirin muna shan shayi bai taɓa canja ra'ayinsa ba, zan ci gaba da zuwa sunan 'ya'yansa, in je masa ta'aziyya, in ranta masa kuɗi ranar da ya rasa? In amsar a'a ce, to ba aboki ka ɗauke shi ba, farauta ka fito, kuma Bakatsine yana jin warin wannan tun daga nesa. Gara ka sha shayinka ka tafi gida.

Na uku, bari kunne ya riga baki

Wasiƙar Yakubu ta ce mutum ya yi hanzarin ji, ya yi jinkirin magana. A teburin mai shayi wannan ba wuya, domin kowa ɗauke yake da kaya. Wani ɗan'uwansa ya bar gonarsa a Batsari ko Safana saboda 'yan bindiga. Wani har yau bai manta watan Disamba na 2020 ba, da aka kwashe ɗaliban makarantar kwana a Ƙanƙara. Wani mahaifiyarsa na kwance, kuɗin magani ya gagara. Idan mutum ya fara sauke irin wannan, kada ka yi wuf ka jefa masa aya. Saurara har ya kai ƙarshe. Sannan ka ce, "Allah ya ba Hajiya lafiya. Zan sa ta a addu'a, in ba ka damu ba." Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba. Ka yi addu'ar a gida, ba a kan benci da ɗaga hannu ba. Bayan kwana biyu ka tambaya, "Ya jikin Hajiya?" In da hali ka je dubiya da 'yar lemo a leda. Zumunta a ƙafa take.

Ka yi tambaya kai ma, ta son sani, ba ta ɗana tarko ba. Me yake ji a ransa a goman ƙarshe na azumi? Da ya je Makka me ya fi tsaya masa a zuciya? Wanda ka ba wa daraja ya bayyana maka nasa, wata rana shi zai juyo ya ce, "To ku fa, yaya kuke yin naku azumin?"

Na huɗu, idan tambayar ta zo

Nan ne aka fi yin ɓarna, don haka zan daɗe a kai. Manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta fari sura 3 aya 15, ya ce mu zauna da shirin ba da amsa ga wanda ya tambaye mu dalilin begenmu, ya kuma ɗaure amsar da tawali'u da girmamawa. Lura, tambaya ce ke zuwa kafin amsa. Ma'aunina shi ne kada amsata ta wuce lokacin da shayi ke ɗauka ya huce. In ya so ƙari, zai nema.

Kusan kullum za a fara da, "Ta yaya za ku ce Allah yana da ɗa?" Ka gane abin da ke ƙona masa rai: yana jin kamar ana cewa Allah ya yi aure ya haihu. Fara da inda kuka haɗu: "Malam, wanda ya ce Allah ya yi aure ya haihu kamar mutum, mu ma a wurinmu saɓo ya yi." Daga nan ka tuna masa yadda Hausa ke amfani da kalmar. Muna cewa ɗan Katsina, ɗan kasuwa, ɗan hanya, ba wanda ya taɓa zaton hanya ta yi naƙuda. Wannan misali yana kawar da mummunar fahimta ne kawai, bai ƙunshi duk abin da muke nufi ba, kuma kada ka yi kamar ya ƙunsa. Ka ƙara da gaskiyar: mun gaskata Yesu Kalmar Allah ne tun fil'azal, wanda ya zama mutum ya zauna a cikinmu, kamar yadda farkon Bisharar Yahaya ya faɗa. Zai ce bai yarda ba. Ka ce, "Na sani, nan ne muka rabu." A kurɓi shayi.

Sai kuma, "Ku alloli uku kuke bauta wa." Amsa ita ce Allah ɗaya ne, kuma da aka tambayi Yesu doka mafi girma, a Markus sura 12, da kaɗaitakar Allah ya fara. Kada ka shiga misalan ƙwai da ruwa da ƙanƙara da muka koya a makarantar Lahadi. Ba sa gamsar da kowa, wasu ma karkatattu ne. Ce masa Allah ɗaya ya bayyana kansa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma kai kanka ba ka iya kewaye Allah da hankalinka ba. Faɗin "ban sani ba, zan tambayo" bai taɓa rage wa mutum daraja a majalisa ba. Ƙirƙiro amsa ne ke zubar da ita.

In ya ce an canja Linjila, kana iya gaya masa cewa akwai cikakken Sabon Alkawari da aka rubuta da hannu da harshen Girka tun ƙarni na 4, yana ajiye a Landan, masana suna gwada fassarori da irinsa. Amma na ga tambaya mai sauƙi ta fi wannan aiki: "Ka taɓa karanta ta da kanka?" Yawanci amsar a'a ce. Kada ka zaro littafi nan take. Bar maganar ta kwana.

Game da gicciye, Musulmi ya gaskata ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba, mu kuwa mutuwarsa da tashinsa su ne tushen komai namu. Babu dabarar da za ta haɗe waɗannan biyu, kada ka nema. Faɗi naka a fili, ka bar shi ya faɗi nasa. Af, batun suna: in ya ce Annabi Isa, ba sai ka gyara masa ba. Kai ka ce Yesu Almasihu ko Isa Almasihu, duk ya san wanda kake nufi.

Akwai tambaya ɗaya da ta fi duk sauran nauyi: "Me kake cewa game da Annabinmu?" Wani da zuciya ɗaya yake yi, wani gwaji ne, kuma ba koyaushe za ka bambance ba. Ba ka da izinin yin ƙarya, ba ka da izinin cin mutunci. Abin da nake cewa shi ne, "Malam, na san matsayinsa a zuciyarka, ba kuwa za ka ji abin da zai ɓata maka rai daga bakina ba. Ni mabiyin Almasihu ne, a kansa nake da abin faɗa." In ya matsa, maimaita, kada ka ƙara ko harafi. Duk wanda ke arewa ya san tarzomar da ta ɓarke a Kano a watan Oktoba na 1991 kan taron wa'azin Bajamushe Reinhard Bonnke, da kisan wata ɗaliba bisa zargin ɓatanci a Sakkwato a watan Mayu na 2022 daga saƙon murya a WhatsApp. Magana zarar bunu ce. Kuma ba tsoro kaɗai ne dalili ba: zagin abin da maƙwabcinka ke girmamawa ba halin Almasihu ba ne, ko da ba wanda zai taɓa ka. Haka nan kada ka ɗauko ayar Alƙur'ani don ka ƙure shi da ita, kada ka ajiye Littafi Mai Tsarki a ƙasa ko kusa da takalmi, domin yadda ka riƙe littafinka yana gaya masa ko ka ɗauke shi maganar Allah.

Na koyi wannan da tsada. Shekarun baya ina da aboki, tela, muna haɗuwa kowane dare bayan isha'i. Wani dare ya kawo maganar gicciye, ni kuwa lokacin na sha karatu, kaina ya cika da hujjoji. Na bi shi ɗaya bayan ɗaya a gaban mutum shida, har wani yaro ya yi dariya. Ya yi shiru, ya tura ragowar biredinsa gefe, ya ciro kuɗi ya biya nasa da nawa, ya ce, "Sai da safe." Na koma gida ina jin na yi nasara. Bai sake zama a teburin ba. Muna gaisawa a hanya har yau, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau. Na je shagonsa na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma labarin zuciya a tambayi fuska. Tun daga nan, in hira ta yi zurfi kuma akwai 'yan kallo, nakan ce, "Wannan maganar ta fi ƙarfin benci, mu ƙarasa ta mu biyu wata rana."

Na biyar, ba da labari, kada ka yi wa'azi

Bahaushe na son labari, kuma Yesu da labari ya fi koyarwa. In ana zancen yaron da ya gudu Legas da kuɗin ubansa, ga labarin ɓataccen ɗa a Luka sura 15: uban ya hango shi tun daga nesa, ya sheƙa da gudu ya rungume shi. Ba da shi da bakinka, da Hausar kasuwa, ka tsaya a inda ya tsaya. Za ka ji wani dattijo ya ce, "Kai, wannan uban ya yi haƙuri, ni da sanda zan tare shi." Bar su su yi ta muhawara, labarin na aikinsa. Labarin Yusufu da 'yan'uwansa kuwa kowa a bencin ya san shi, yana buɗe zancen yafiya ba tare da kowa ya ɗaure fuska ba.

Naka labarin ma ka shirya shi, gajere, ba ƙari ba ragi: yadda kake a da, abin da ya same ka, abin da ya canja, har da abin da bai gama canjawa ba. Cire kalmomin cikin coci. "An wanke ni da jini" da "na karɓi ceto" suna da ma'ana a wurinmu, amma a kunnen wanda bai saba ba, na farkon ma tsoro yake bayarwa. Ce masa, "Da ba na iya barci saboda abin da na aikata, yanzu na san an gafarta mini, ga dalili." Sai dai ka sani, mai shayin ya san ko kana biyan bashi, maƙwabta sun san yadda kake yi wa matarka magana. Sun riga sun ji wannan shaidar kafin ta bakinka.

Na shida, ƙananan abubuwan da ke gyara ko ɓata hira

Da an kira salla, yanke maganarka ko a tsakiyar jimla take. Da azumi kada ka ci ko ka sha a gaban mutane da rana. Teburin yakan cika bayan asham, ka zo lokacin. In an kawo maka naman layya ka karɓa da godiya, da Kirsimeti kai ma ka aika da shinkafa, ka sa Musulmi ya yanka dabbar don maƙwabta su ci hankali kwance, kamar yadda iyayenmu suka saba. In wani mai zafin kai ya shigo hirar, ko ka ga an ɗaga waya ana ɗauka, juya zancen zuwa Katsina United ko farashin taki.

Batun biya kuma: kada kullum ya zama kai ne mai cewa a haɗa da nasa. Bari shi ma ya saya maka. A bakin rijiyar Samariya, Yesu ne ya fara roƙon ruwa. Kuma kada ka taɓa haɗa taimako da addini, ko kuɗi ne, ko neman aiki, ko kuɗin makaranta. Dama zargin da ake yi mana ke nan, cewa da abin duniya muke jan mutane. In za ka taimaka, taimaka ka manta.

Teburin mai shayi na maza ne. Namiji ba ya zama hirar addini da matar wani ko 'yar wani, ko da ita ta nema. Ya haɗa ta da matarsa ko wata dattijuwa daga zumuntar mata. Mata suna da nasu wuraren, wurin kitso, gidan suna, tsakar gida da rana in maza sun fita, kuma duk abin da na faɗa a sama ya shafe su. Yara kuwa, har da almajiran da ke zagaye teburin suna jiran ragowar biredi, saya musu shayi in kana da hali, amma kada ka yi musu zancen addini a bayan idon iyayensu da malamansu. Kai ma ba za ka so a yi wa naka ba.

Na ƙarshe, in ya nemi ƙari, ko ya ce ya isa

Wata rana wani zai jira kowa ya watse, ya rage murya ya ce, "Littafin nan naku, ana samunsa a waya?" Ana samu, da rubutu da murya, da Hausa. Nuna masa Bisharar Luka, ka bar shi ya karanta da saurinsa, ya dawo da tambayoyinsa. Kada ka ja shi coci ranar Lahadi mai zuwa. Kada ka tsaya a gaban jama'a ka ba da shaida da sunansa ko sana'arsa, kada ka rubuta komai a Facebook. Mutum ɗaya ya isa ya sani, fasto ko dattijon ikkilisiya mai riƙe sirri, shi ma da izinin mai maganar.

Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin riƙe addininsa, da canja shi, da yaɗa shi. Amma kai da shi kun san takarda daban, zaman gida daban, a jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000. Mutum na iya rasa mata, da gado, da masu sayen kayansa, da gaisuwar mahaifiyarsa. Yesu da kansa, a Luka sura 14, ya ce mai son gina bene ya fara zama ya yi lissafi. Gaya masa wannan dalla-dalla, kada ka yi masa alkawarin abin da ba ka da shi, kada kuma ka zuga shi ya raina iyayensa. Kai za ka koma gidanka ka kwanta, shi ne zai kwana da abin. Shawarar tasa ce, tsakaninsa da Allah.

Mafi yawan lokaci kuwa ba haka za ta kasance ba. Abokinka zai ajiye kofi ya ce, "Malam, don Allah mu bar maganar nan." Ka ce, "To, an bar ta," ka bar ta ɗin, ba ka dawo da ita ta bayan gida bayan mako ɗaya ba. Washegari ka zo a lokacin da ka saba, ka zauna a inda ka saba zama, ka tambaye shi ko an sami mai gyaran injin nan nasa, ka ce wa mai shayi ya soya ƙwai biyu ya raba muku biredin.